Batir Mai Jan Ɗigo

Mutum uku za a ɗauka. Koci Sajo ya faɗa mana haka tun wata guda kafin tseren, har da ɗaga yatsu uku don kada wani ya ce bai ji ba. Tseren keke ne, a tashi daga Gagarawa, a ratsa Gumel, a je Maigatari a juyo, a ƙare a Gumel. Ukun farko su ne za su sa rigar jiha su tafi gasar ƙasa. Na huɗu kuwa sai ya koma gida ya ci gaba da ba mutane labarin yadda ya kusa. Ni na san wannan labarin sarai, don sau biyu ina zuwa na huɗu, ga shi shekarata talatin da biyu. Da kocin ya sallame mu sai ya ja ni gefe ya ce, "Nata'ala, ba zan ɓoye maka ba. In bana ba ka shiga ba, baɗi yara zan nema." Ban ji haushinsa ba, gaskiya ya faɗa. To, na ɗan ji.

Keken da na dogara da shi a kasuwar Maigatari na same shi, wajen wani Badamagare mai kawo kayan gwanjo. Babur ɗina na sayar na saye shi, abin da har yau wasu a garinmu Ɗanzomo ba su yafe mini ba: wai mutum da hankalinsa ya rabu da mai inji ya ɗauko na tuƙawa da ƙafa. Keken ba shi da wayar giya ko ɗaya. Maɓalli ne a jikin hannun birki. Ka danna, wani ɗan inji ya yi zit, ya tura sarƙa kan haƙoran da kake so. Injinan biyu ne, ɗaya a gaba wajen feda, ɗaya a baya wajen taya, kowanne da batirinsa, ɗan baƙi kamar kwalin ashana. Batiran iri ɗaya ne sak, kana iya cire na gaba ka sa a baya. Na bayan shi ne mai wahala, don a ƙasarmu da ba tudu sai ka wuni ba ka taɓa giyar gaba ba. Saboda haka na ware wanda ya fi riƙe caji na ce shi ne na baya. Na karɓi jan farcen matata Safiyatu, wanda tun na lefe yake ajiye ba ta shafawa saboda alwala, na ɗiga masa ɗigo ɗaya a ciki, gefen da ke mannewa da inji, don kada ya goge.

Ranar da na sayi keken Badamagaren ya yi mini kashedi biyu. Na farko, in zan ɗora shi a mota in cire batiran in sa a aljihu, domin jijjigar hanya tana tashin injin daga barci, ya yi ta shan caji yana zaton tafiya ake. Na biyu, ya ɗaga batirin, wanda su can suke kira pil, ya ce, "Pil ɗin nan ba ya son rana, malam. Ka raba shi da zafi." Na riƙe duka biyun a kaina. Ban gaya wa kowa a gida ba, don a ganina ba wanda zai taɓa mini kaya.

Mahaifina, Malam Barau, ya haura saba'in. Shekara talatin ya yi yana kai gero da riɗi kasuwar Maigatari a kan baƙin kekensa na ƙarfe. Lokacin da na fara fita da ɗan matsattsen wando da hular kwano, 'yan majalisar ƙofar masallaci suka sa ni a gaba, wai ɗan Malam Barau, magidanci mai iyali, yana yawo da kamfai a titi. Baba ya ƙyale su. Sai rannan da wani ya sake ɗauko zancen, ya juya ya ce, "Wanda ya taɓa kai buhu Maigatari a keke ya dawo a yini ɗaya, shi nake so ya yi magana." Daga nan ba wanda ya ƙara. Shi bai taɓa gaya mini wannan ba, a bakin mai shayi na ji.

Baba da rediyonsa ba sa rabuwa. In muryar rediyon ta fara shaƙewa, ba ya sayen sabon batir. Cire tsofaffin yake yi, ya jera su a wani faranti mai tsatsa, ya ɗora a rufin kwanon akurkin kaji su wuni a rana, da yamma ya mayar. Abin haushin kuma, sai rediyon ya ƙara kwana biyu yana magana garau. Na sha yi masa tsiya. "Baba, batir fa ba kuɓewa ba ne da za a shanya." Sai ya ce, "Kai dai ka yi boko, amma rana ta girme ka."

Tseren ranar Asabar ne. Cajar keken batir ɗaya take ɗauka, wutar lantarki kuma a Ɗanzomo sai ta ga dama, don haka shagon mai cajin waya da sola nake kaiwa. Ranar Alhamis na cika mai jan ɗigon, na dawo da shi na sa a gwangwanin madara a kan tagar ɗakina. Ranar Juma'a na kai ɗayan shago, na wuce Gumel karɓo lambar da zan liƙa a riga. Can na yi sallar Juma'a. An yi rana rannan, irin wadda kwalta ke kama takalmi. Na dawo bayan la'asar, na biya na karɓi batirin na biyu, na shiga ɗaki. Murfin gwangwanin bai rufu daidai ba. Na leƙa, mai jan ɗigon yana nan. Na ce Safiyatu ce ta yi shara ta taɓa, na mayar da murfin.

Da asuba, bayan mun fito daga masallaci, Baba ya tsaya da ni a ƙofar gida muna jiran motar da za ta kai ni Gagarawa. Ba mutum ne mai yawan magana ba. Ya taɓa sirdin keken, ya matsa tayar baya da yatsa kamar yadda ya saba yi wa nasa.

"Ka tafi hankalinka kwance," in ji shi. "Na ɗan taimaka maka. In sha Allahu ƙarfi ba zai yanke maka ba."

"Allah ya saka da alheri, Baba."

Na ɗauka addu'a yake nufi. Me kuma zai nufa? Ya ce zai biyo motar hantsi ya jira ni a Gumel.

Bakwai saura muka isa Gagarawa. Na sauke keken, na ɗaura tayar gaba, na ciro batiran daga aljihu. Na gaban ya shiga ƙas, kamar kullum. Mai jan ɗigon ya ƙi. Na sake gwadawa, na danna da babban yatsa har farcena ya yi fari, sannan ɗan makullin da ke riƙe shi ya kama. Na ce gaggawa ce nake yi. Na taɓa maɓalli, 'yar fitilar da ke jikin injin ta kawo kore, sarƙa ta yi tsalle yadda ya kamata. Kore dai kore ne. Na yi bisimilla na shiga layi.

Mu ashirin da shida muka tashi. Ƙarshen Afrilu ne, iskar nan mai zuwa gaban damina ta taso daga kudu, tana dukanmu ta gefe. Wanda bai yi tseren keke ba ba zai gane ba, amma a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin tamu iska ita ce tudu, ita ce gangara. Wanda ke gaba shi ke shan ta, na bayansa ya fake ya huta, sai a riƙa karɓa-karɓa. In ka kuskura tazarar keke biyu ta shiga tsakaninka da na gabanka, ka zama kai kaɗai, kuma kai kaɗai ba ka kamo mutum uku.

Kafin mu hango Gumel iskar ta tsinka ayarin gida-gida. A gaba muka rage mu huɗu. Akwai Zayyad ɗan Maigatari, wanda ya san kowane rami a hanyar, da Habibullah ɗan Gumel. Waɗannan biyun ban sa rai zan wuce su ba, ban kuma yaudari kaina ba. Na ukun shi ne Abdulfatah, ɗan shekara ashirin, ƙato, cinyarsa kamar turmi. Shi ne abokin karawata. Na yi atisaye da shi, na san in iska na bayansa ba mai taɓa shi, amma in ta dawo fuskarsa faɗin ƙirjinsa yakan zame masa kaya. Shirina ke nan tun daga gida: in lallaɓa har Maigatari, in mun juyo in bar iska ta cinye mini shi.

Muka ratsa Gumel mutane na ihu a bakin titi. A wajen shatale-tale na hango farar hula da rediyo an ɗaga shi sama. Baba ne, ya riga ya iso. Ban iya ɗaga masa hannu ba, amma na ji daɗi har cikin raina.

Da muka miƙi hanyar Maigatari iska ta koma bayanmu. Gudu ya tashi. Na danna, na sake dannawa, ina hawa giya mai nauyi, har na kai ta ƙarshe, wadda in ka taka sau ɗaya sai ka ji keken ya yi tafiyar gaske. A dannawar ƙarshen nan ne gabana ya faɗi. Injin bai amsa nan take ba. Sai da ya yi jim, kamar wanda aka tasa daga barci, sannan ya tura sarƙar. Na sunkuyar da kai na leƙa ta tsakanin ƙafafuna. Fitilar ta kawo ja.

Ja? Batirin da na cika shekaranjiya, wanda yakan yi mini mako uku? Na ce ƙila hasken rana ne ya ruɗe ni. Hanyar tabbatarwa ɗaya ce, in sake dannawa, kuma kowace dannawa caji take ci. Na hana yatsana. Na gaya wa kaina ai ja ba mutuwa ba ne, ja yana nufin saura kaɗan, kuma kaɗan ɗin ya ishe ni. Dannawa huɗu kawai nake bukata a wurin juyawa, in sauko giya mai sauƙi. Huɗu. Na yi tunanin in sauko tun yanzu, amma a irin gudun da muke, in na sassauta giya ƙafata za ta yi ta juyawa a banza su tafi su bar ni. Haka na yi kilomita ashirin ina kallon tayar Zayyad, bakina yana salati, yatsana a kan maɓalli ban taɓa ba.

A bakin Maigatari an ajiye ganga mai jan ƙyalle a tsakiyar titi, nan ne wurin juyawa. Manyan motoci sun yi layi a gefe, direbobi sun hau saman kaya suna kallo. Muka taka birki, muka zagaye gangar, iska ta daki ƙirjinmu kamar an turo ƙofa. Na ji kekunan ukun nan suna ƙaras-ƙaras, kowa yana sauko da giya. Na danna nawa.

Shiru.

Na sake dannawa. Na danna da ƙarfi, kamar ƙarfin yatsa zai haifar da caji. Ko jan ma bai kawo ba. Na miƙe tsaye a kan feda na zuba duk nauyina don kada su tsere mini, na samu da ƙyar na manne a bayan Abdulfatah. Na gwada giyar gaba, wadda batirinta ke da rai, na sauke sarƙar kan ƙaramin farantin haƙoran gaba. Sarƙar gwanjo ce, ta riga ta saki. Ta karkace ta fara tsalle tana neman zamewa, na mayar da ita da sauri kafin ta faɗi gaba ɗaya. Na koma inda nake, a giya mafi nauyi, iska a fuska, saura kilomita ashirin da biyu.

Mafita ɗaya ce kuma na san ta: in tsaya, in cire batirin gaba in sa a baya. Aikin rabin minti ne. Amma rabin minti a tsaye, su uku suna karɓa-karɓa, daidai yake da in ce musu sai mun haɗu a Gumel. Na ce bari in daure. Su ƙafafunsu na juyawa da sauri, ni ina taka feda ɗaya-ɗaya kamar mai kirɓa sakwara. Gwiwoyina suka fara zafi. Da layin shiga gaba ya zo kaina na ƙi shiga, na noƙe a baya.

Zayyad ya waiwayo ya dubi ƙafata, ya dubi tayar bayana. Yaron kirki ne, ba da mugunta ya yi ba, amma da zai yi shiru da ya fi mini.

"Yaya Nata'ala, giyarka ta mutu ne?"

Abdulfatah ya ji. Bai ko waiwayo ba, ya sunkuya ya ƙara wuta. Ban ga laifinsa ba, ni ma da haka zan yi. Tazarar keke ɗaya ta shiga, ta zama biyu, ta zama biyar. Na taka har na ji wani abu ya ja a bayan cinyata. Sai na kama birki na sauka a gefen kwalta.

Batirin gaba ya fito salin-alin. Na bayan ya ƙi fita. Na ɗaga makullin, na ja, ya cije. Na sa farce na ɓamɓara, farcen ya tsage har nama, sannan batirin ya faɗo a tafin hannuna. Ya kumbura. Cikinsa ya taso kamar fanke, ɗigon jan farcen Safiyatu ya tsattsage a kai. Na juya shi. A bayansa akwai shatin tsatsa, ja-ja, zagaye, irin wanda nake gani a jikin batiran rediyon Baba duk ranar da ya sauko da su daga rufin akurki.

Na ɗan taimaka maka. Ƙarfi ba zai yanke maka ba.

Wallahi sai da na ga duhu-duhu. Wuni guda, a faranti, a kan kwano, a ranar jiya. Na yi wata irin ƙara da ban san ina da ita ba, har wasu awaki da ke gefen hanya suka watse. Na ɗaga hannu zan yi jifa da shi cikin gona, ban san abin da ya hana ni ba, sai na cusa shi a aljihun bayan rigata. Na danna batirin gaba a injin baya, ya shiga ƙas. Kore. Na haye, na danna sau huɗu, zit, zit, zit, zit, ƙafata ta saki.

Koci Sajo ya zo daidai ni a kan babur, yana kallon agogo. "Sakan hamsin da biyar!" in ji shi. "Me ya faru?"

"Batir!"

Ya girgiza kai ya wuce gaba.

Ba zan yi ƙarya ba, ba son rigar jiha ne ya tuƙa keken nan ba a kilomita goman da suka biyo. Fushi ne. Na kwantar da ƙirjina a kan hannun keke ina tsara abin da zan faɗa wa Baba. Wa ya aike ka? Wa ya ce ka shiga ɗakina? Shekara goma sha ɗaya ina tashi da asuba, ina shan dariyar mutane, na sayar da babur, ka ɗauki abin ka shanya kamar kuɓewa? Kowace jimla na taka feda da ita. In na kai ƙarshe sai in sake daga farko, in ƙara mata yaji. Ni da ban taɓa ɗaga wa mahaifina murya ba, rannan a kan hanyar Maigatari na yi masa faɗan da ya fi na shekara.

Wata babbar mota ɗauke da buhuna ta taho daga baya, tana tafiya a hankali saboda tseren. Ta wuce ni kaɗan-kaɗan. Na ji iska ta ɗauke ɗif a bayanta. In na manne mata minti biyu kawai, na kamo su. Doka ta hana, wanda aka gani an kore shi, amma koci yana can gaba, ba kowa a nan sai yaran mota biyu a saman kaya suna yi mini alama da hannu in matso. Na matso. Na ji daɗin da ƙafata ta ji. Sai na tuna wanda ke tsaye a shatale-tale da abin da ya faɗa wa 'yan majalisa a kaina, na ja tsaki na koma gefe na bar ta ta tafi. Har a cikin fushin ma bai ƙyale ni ba.

Can sai na hango ɗigo ɗaya a kan titi, ba uku ba. Zayyad da Habibullah sun yi gaba. Iska ta yi aikin da na sa ta, ta ciro Abdulfatah ta ajiye shi shi kaɗai. Kafaɗunsa na rangaji, kansa na faɗuwa. Koci ya rage gudu ya jira ni. "Sakan ashirin! Saura kilomita biyar!" Ruwana ya ƙare tun tuni, harshena ya manne a dasashi, jinin farcena ya bushe a jikin hannun birki. Sakan goma sha biyu. Na fara karanta lambar da ke bayansa. Muka wuce gidajen farko na Gumel. Sakan biyar. Ya waiwayo ya gan ni, na ga idonsa ya fito.

Na kamo shi saura kamar mita ɗari huɗu. Hankali ya ce in fake a bayansa in ja numfashi ko sau biyar ne, amma layin yana gabanmu, farin fenti a kan kwalta, mutane sun yi dafifi hagu da dama. Na danna, injin ya amsa nan take, na miƙe tsaye na fita ta damansa. Na wuce shi. Na rantse na wuce shi, na ga tayata a gaban tasa. Sai cinyar nan da ta ja tun a Maigatari ta ɗaure tamau, kamar an sa igiya. Ƙafar dama ta ƙi sauka. Sau biyu kawai na rasa takawa. Ya dawo ta hagu yana huci, muka jefa kekunan kan layi tare.

Ba a yi gardama ba. Rabin taya ya ba ni, kowa ya gani, ni ma na gani.

Na zauna a bakin kwata, keken a kwance a gefena. Wani ya zuba mini ruwa a ka. Abdulfatah ya zo ya durƙusa ya riƙe hannuna yana cewa, "Yaya, ka yi haƙuri," na ce masa ya tashi ya je ya yi murnarsa. Koci Sajo yana gaya wa mutane da ƙarfi cewa batir ne ya mutu mini a Maigatari, na tsaya na canza, na kuma cike kusan minti guda ni kaɗai a cikin iska, bai taɓa ganin irin haka ba. Daɗin baki ne, amma yatsu uku ya ɗaga, kuma ukun sun cika. Na laluba aljihu na ciro batirin na damƙe shi a hannu. Ina so in Baba ya zo in buɗe masa kawai, ba sai na yi magana ba.

Ya zo. Mutane suka buɗa masa hanya. Babbar rigarsa ta Juma'a ya saka, ta sha karin guga, rediyon a hammata a kashe. Tun hantsi yake tsaye a ranar nan, leɓɓansa sun bushe. Ya dube ni. Sannan ya tattara rigar ya tsuguna a gabana, abin da gwiwoyinsa suka daɗe da hana shi.

"Sannu, Nata'ala."

"Yauwa, Baba."

"Na ji malamin nan naku yana cewa batir ne."

"Shi ne."

Ya gyara riƙon rediyon. Ya matso kusa. Ya rage murya yadda ba mai ji sai ni.

"Wanne ne ya mutu? Mai jan ɗigon nan, ko ɗayan?"

Duk jimlolin da na tsara tun daga Maigatari suna nan a bakina, a jere, ko ɗaya ban manta ba. Kumburin batirin yana tokare mini tafin hannu. Na dubi tsohon nan da ya hau kujera ya miƙa faranti kan rufin akurki saboda ni, ya kuma sauko da shi da yamma ya lallaɓa ya mayar a gwangwani don kada in yi masa tsiya.

"Ɗayan ne, Baba," na ce.

Ya saki wani dogon numfashi, ya gyaɗa kai.

"Ai na sani. Na neme shi jiya a ɗakinka ban gan shi ba. Da na same shi, da duka biyun na shanya maka." Ya share ido da gefen rigarsa. "Ka yafe mini. Da na tambaye ka inda ka ajiye."

"Ba komai, Baba."

Ya dafa kafaɗata ya miƙe. Ya miƙa mini rediyon in riƙe masa, ya tada keken da kansa ya fara turawa wajen tasha, yana gaya wa duk wanda ya tare mu cewa laifinsa ne, rabin aiki ya yi. Na bi shi a baya ina ɗingishi, rediyo a hannun hagu. Hannun daman ban buɗe shi ba har muka isa Ɗanzomo.